Bin Sawun Tunanin Na'ura: Me Ya Sa Amsa Kaɗai Ba Ta Wadatarwa

A ƙasar Birnin Gwari, inda dajin Kamuku ya miƙe har ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, akwai wani ilimi da mafarauta da makiyaya suka gada kaka da kakanni, wato bin sawu. Idan saniya ta ɓace, gwanin bin sawu ba ya tsayawa a bakin garke ya nuna gabas ya ce can ta yi. Sunkuyawa yake yi ya nemi inda kofato ya fara taka ƙasa, ya duba ta wane gefe ciyawa ta kwanta, ya tona kashi da sanda ya ga ko ya bushe ko da sauran danshi. In sawu ya ɓace masa a kan fa ko a bakin rafi, sai ya koma inda ya gan shi na ƙarshe ya sake lale. Abin da ya sa ake amincewa da shi kuwa shi ne, duk wanda ke biye da shi yana ganin abin da yake gani, kuma in ya kauce, yaro ma na iya ce masa, "Baba, wannan sawun na jiya ne." Wannan tsohuwar hikima ta nuna hanyar da aka bi kafin a faɗi inda aka isa, ita ce masu ƙera ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, suka shafe 'yan shekarun nan suna ƙoƙarin koya wa na'urorinsu.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin ƙauyen Gwaska da ke ƙasar Birnin Gwari da wannan zance. Ai kuwa da ruwansa a ciki, domin na'urar ta riga ta shigo aljihun 'ya'yansa. Tun ƙarshen Nuwamban 2022 da aka saki manhajar ChatGPT, da kuma Afrilun 2024 da kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar cikin WhatsApp a Nijeriya, duk mai babbar waya yana iya yi wa na'ura tambaya ta ba shi amsa nan take. Yankin da ya ga tashin hankali irin na watan Mayun 2018, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska, yanzu yana ƙoƙarin miƙewa tun bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024. Manomi da ya koma gonar da ya daɗe bai taka ba yana da lissafi a gabansa: buhun taki nawa, bashin wa, zakkar masara nawa, gadon wanda ya rasu yaya za a raba. Wasu daga cikin waɗannan tambayoyi za su biyo ta hannun matashin gida mai waya. Matsayin wannan rubutu ɗaya ne: alherin da ke cikin na'ura mai tunani daki-daki shi ne tana barin sawu da mutum zai bi ya tantance, kuma wannan alheri ba ya samuwa sai in an sami mai bin sawun.

Kafin a gane amfanin matakai, sai an san yadda na'urar ke samar da magana. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi abu guda: idan an ba ta farkon zance, ta hasaso guntun kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, sannan wadda ke bin ta, haka har ta kammala. Aikin lissafin da take yi kafin ta fitar da kowace guntuwar kalma yana da iyaka. Don haka idan aka jefa mata tambaya mai sarƙaƙiya aka ce ta faɗi amsa kai tsaye, kamar an tsare ɗan kasuwa ne a tsakiyar hayaniyar ciniki an ce ya faɗi jimillar kuɗin buhu 37 da ladan dillali da kuɗin mota ba tare da ya taɓa takarda ko ya zana ƙasa ba. Zai faɗi wani adadi mai kama da gaskiya, amma kama da wane ba ta wane. Idan kuwa aka bar na'urar ta rubuta mataki na farko, abin da ta rubuta yana zama cikin abin da take dubawa kafin ta rubuta na biyu. Rubutun nata ya zama mata allo, tana ajiye abin da ta samu a kai, tana ɗora na gaba.

Shekarar 2022 ce ta tabbatar da wannan da alƙaluma. A watan Janairu, wasu masu bincike na Google ƙarƙashin jagorancin Jason Wei suka nuna cewa idan aka fara nuna wa na'ura misalan tambayoyin da aka warware mataki-mataki, ita ma sai ta bi wannan salo, kuma amsoshinta su gyaru. A wata jarrabawar lissafin 'yan firamare mai suna GSM8K, babbar na'urarsu PaLM ta tashi daga cin kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 57. Sun kira dabarar sarƙar tunani. Bayan 'yan watanni, Takeshi Kojima na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa suka gano abin da ya fi wannan ban mamaki: ko misali ba a bayar ba, ƙara jimla guda da ke cewa a yi tunani mataki bayan mataki ya ɗaga sakamako a wata jarrabawar lissafi daga kusan 18 zuwa kusan 79 cikin 100. Na'urar ɗaya ce, tambayoyin ma ba su canja ba, bambancin kawai an ba ta sarari ta shimfiɗa aikinta. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, kuma a nan sannun ce ma ta kai ta.

Daga nan sai aka shiga ƙera kayan aiki na musamman don tsara wannan tunani. Sarƙa tana da aibi guda: in zobe ɗaya ya karye, duk abin da ke rataye a ƙasansa ya faɗi. Ku tuna wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da harawa, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya. Wanda bai yarda ya koma baya ba ba zai warware ta ba, domin sirrinta shi ne a ƙetare da akuya sannan daga baya a dawo da ita. Shi ya sa a 2023 masu bincike na Jami'ar Princeton da Google DeepMind suka fito da tsarin bishiyar tunani, inda na'ura ke gwada rassa da yawa, ta auna kowanne, ta bar wanda ya toshe ta koma mararraba. A wani wasan lambobi da ake neman haɗa 24, wannan tsari ya kai na'urar GPT-4 daga cin 4 cikin 100 zuwa 74. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta haɗa na'ura da kayan aiki na waje, kuma cikin kayan da aka samar akwai wanda aikinsa kawai jera tunani: na'ura ta sa wa kowane mataki lamba, ta ƙiyasta saura nawa, ta iya cewa mataki na biyar gyara ne ga na biyu, ko ta buɗe wani reshe daga na uku. Wasu kayan kuma suna ba ta damar miƙa lissafi ga kalkuleta ko ta binciko bayani a intanet maimakon ta yi shaci-faɗi. Sai kuma na'urorin da aka horar da su tun asali su yi dogon nazari kafin su amsa, irin o1 ta OpenAI a Satumban 2024 da R1 ta kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin a Janairun 2025. A Yulin 2025, na'urorin Google DeepMind da OpenAI suka warware tambayoyi biyar cikin shida na gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare, abin da ya kai matsayin lambar zinariya.

Duk da haka kada wani ya ɗauka jera matakai baƙon abu ne da ya zo mana daga Amurka. Kalmar algorizim da masana kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala da ita, daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta samo asali, malamin da ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, kuma kaso mai tsoka na littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta wajajen shekarar 820, a kan lissafin wasiyya da gado yake. A nan gida, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 yana bayyana ƙa'idojin cike gidajen hatimi da lambobi ta yadda jimillarsu za ta zo ɗaya ta kowane gefe. Haka kuma duk almajirin da ya kai babin fara'idi a Risala ya san cewa rabon gado yana da jeri wanda ba a tsallake shi: hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan a tantance magada da waɗanda aka katange, sannan a ba masu kaso sananne nasu, abin da ya rage ya tafi ga asaba. Malamin ƙwarai ba ya raba gado a zuci ya miƙa wa kowa kuɗi. A gaban magada yake yi, yana faɗa yana rubutawa, domin zukata su natsu.

Mu ɗauki misali mu ga abin da matakai ke tonawa. A ce manomi ya rasu, bayan an yi hidimar jana'izarsa an ƙiyasta dukiyarsa naira 2,600,000, ana bin sa bashin 200,000, bai bar wasiyya ba, ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Na'urar da ta ba da amsa kai tsaye za ta jero adadi biyar, kuma babu yadda za a yi iyalin su gane ko ta cire bashin ko ta manta. Wadda ta bi daki-daki kuwa za ta ce: an cire bashi, saura 2,400,000, matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, wato 300,000, mahaifiya tana da sudusi, wato 400,000, saura 1,700,000, a raba gida biyar tunda namiji yana da rabon mata biyu, kowane gida 340,000, kowane ɗa namiji 680,000, 'ya mace 340,000. Duk wanda ya iya haɗawa da ɗebewa zai iya bin wannan ya tabbatar jimilla ta cika. Abu mafi muhimmanci kuma, dattijon da ke sauraro zai iya katsewa ya ce, "Dakata ɗana, ai mahaifin marigayin yana raye," ko ya ce akwai amarya da ba a ambata ba wadda za ta yi tarayya da uwargida a tumunin. Haka nan da kaka namiji ne ya haɗu da 'yan'uwan mamaci, na'urar na iya bin ra'ayin Abu Hanifa ta katange 'yan'uwan, alhali a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi tarayya suke yi da shi. Lissafinta zai fita tsaf, hukuncin kuma ya saɓa wa abin da alƙalin Birnin Gwari zai yanke. A cikin jerin matakai ne kawai ake iya ganin inda ta ɗauki wata hanya.

Akwai suka mai nauyi da ya wajaba a saurara. Masu ita suna cewa matakan da na'ura ke nunawa ba lalle ne su zama ainihin hanyar da ta bi ba. Tana iya kaiwa ga amsa ta wata kafa sannan ta tsara bayani mai daɗin ji, kamar alƙalin da ya yanke hukunci tun a gida ya zo kotu yana neman hujja. Wannan suka tana da shaida. A 2023, Miles Turpin da abokan aikinsa suka jera wa na'ura misalan tambayoyi inda amsar daidai kullum ita ce zaɓi na farko; sai ta riƙa karkata ga zaɓi na farko a sababbin tambayoyi, tana kawo dalilai iri-iri, ba ta ambaton jerin da ya ja ta. A Afrilun 2025 Anthropic da kansa ya gwada saka wa na'urori satar amsa cikin tambaya, ya tarar cewa a lokutan da suka yi amfani da ita, tasa na'urar Claude 3.7 Sonnet ta faɗi haka a kusan kashi 25 cikin 100 kawai, R1 kuma kusan 39. Abin da wannan ke koyarwa shi ne kada a ɗauki matakan a matsayin rantsuwa kan abin da ke cikin na'ura. Amma bai rushe amfaninsu ba, domin magada ba su damu da abin da ke zuciyar mai rabo ba. Abin da suke dubawa shi ne ko tumunin 2,400,000 ya zama 300,000. Hujjar da aka shimfiɗa a fili ana auna ta ne da kanta, ko wane ne ya kawo ta, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne idan kowane taku yana rubuce.

Suka ta biyu ta fi kusa da halin ɗan Adam. Dogon bayani mai lamba ɗaya, biyu, uku yana da kwarjini, kuma mutum na iya sakankancewa da shi ba tare da ya karanta ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, matashin da ke karanta wa kawunsa amsa daga waya ya fi kusa da shi. Ga kuma binciken da masanan kamfanin Apple suka fitar a Yunin 2025, inda suka nuna cewa na'urori masu dogon nazari suna rushewa gaba ɗaya idan wasa ƙwaƙwalwa, har da irin na ƙetare kogi, ya wuce wani mizani na wahala. Wasu masana sun ƙalubalanci yadda aka tsara gwajin, amma gargaɗin yana nan: tsawon bayani ba shaidar ingancinsa ba ne. Sai dai maganin wannan ba ya cikin komawa ga amsa maras sawu, domin ita ma ana sakankancewa da ita, kuma babu ta inda za a kama ta. Maganin shi ne ɗabi'a: a nemi matakai gajeru, a sa na'ura ta fara jero abin da ta ɗauka a matsayin gaskiya, a sake lissafin da kalkuleta, a tambaye ta daga ina ta samo hukunci sannan a je a duba.

Akwai kuma iyakar da babu tsarin tunanin da zai ƙetare ta, kuma mutanen Birnin Gwari sun fi kowa saninta. Matakai suna sarrafa bayanin da aka ba su ne kawai. Na'ura na iya jera dalilai bakwai masu ma'ana kan lokacin da ya fi dacewa a bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko a shiga gonar da ke gefen daji, amma ba ta ji abin da direbobi suka faɗa a tasha da asuba ba, ba ta san abin da mai unguwa ya sani ba, ba ta ga sawun baburan da aka gani jiya a bakin rafi ba. Haka a noma: tana iya lissafa taki daidai bisa faɗin gonar da aka gaya mata, amma ba ta san gonar ta shekara biyar a kwance ba sai an faɗa, ba ta san farashin buhu a kasuwar wannan mako ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A duk abin da ya shafi rai da lafiya, ko hukuncin shari'a, matakan na'ura shiri ne na zuwa wurin masani, irin likita da malamin gona da alƙali, ta yadda mutum zai je da tambayarsa a tsare.

Wannan ya amsa fargabar masu cewa na'ura za ta raba mutane da malamansu. Amsa maras bayani ita ce ke yin haka, domin tana maida mai tambaya mabiyi da ba ya iya musu. Amsa mai matakai kuwa tana koyarwa: wanda ya bi lissafin gado sau uku zai riƙe cewa bashi na gaba da rabo, kuma in ya zauna gaban malam zai fahimci abin da ake yi. Sai dai wannan riba tana da sharaɗin harshe. Dattijo ba zai kama kuskure a bayanin da aka yi da Turanci ba. Binciken IrokoBench da masanan ƙungiyar Masakhane suka fitar a 2024, wanda ya gwada na'urori da tambayoyin lissafi da na fahimta a harsunan Afirka har da Hausa, ya nuna tazara mai faɗi tsakanin ƙwazonsu a Turanci da ƙwazonsu a harsunanmu. Ga tsadar data, ga raunin sabis a ƙauyuka, ga tunanin yadda aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna na kusan wata biyu a ƙarshen 2021 saboda tsaro. Dogon nazari yana cin lokaci da kuɗi, don haka ba kowace tambaya ce ke buƙatarsa ba; a tanade shi don inda kuskure ke da tsada. Nauyi kuma yana kan jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, da marubuta da malaman fiƙihu, su samar da rubutacciyar Hausa mai yawa wadda ke warware matsaloli daki-daki, ta lissafi da noma da gado da kasuwanci, domin daga irin wannan rubutu ne na'ura ke koyo.

Saboda haka kira ga matashin da ke riƙe da wayar gida, a Gwaska yake ko a Kuyello ko a cikin Birnin Gwari: amana ce a hannunka. Idan iyaye suka ce ka tambayi na'ura, kada ka karɓi adadi tsurarsa. Ka ce ta nuna yadda ta yi, ka ce ta faɗi abin da ta ɗauka ba tare da an gaya mata ba, ka karanta wa dattawa mataki-mataki da Hausar da suke ji, ka bar su su tsayar da kai inda suka ga gyara, sannan ku kai wa masani ya sa hannu. Ga malamai da iyaye kuma, ku koya wa yara tun suna ƙanana cewa duk wanda ya kawo amsa, mutum ne ko na'ura, ana tambayarsa ta ina ya bi. Gani ya kori ji, kuma amsar da ba a ga sawunta ba, ba a ɗora mata dukiyar marayu.